Ya Ƙaru Ko Ya Bunƙasa? Yadda Ake Zaɓen Kalma a Labari da Sharhi

Aikina shi ne karanta rubutun wasu kafin ya fita, in gyara abin da ke buƙatar gyara. Cikin duk kalmomin da nake bi da jan biro, babu waɗanda suka kai dangin ƙaruwa yawa: ya ƙaru, ya haɓaka, ya bunƙasa, ya ninka, ya farfaɗo, ya yi ƙamari, ya yi tashin gwauron zabi. Sabon marubuci yakan ɗauka duk abu ɗaya suke nufi, sai ya riƙa musanya su don gudun maimaici. Alhali kowacce da kayan da ta ɗauko. Wata lissafi kawai take bayarwa, wata yabo take yi, wata kuwa kururuwa take yi a kawo ɗauki. Ƙa'idar da nake aiki da ita ita ce kada kalma ta fi adadin da ke bayanta girma, kuma kada ta yanke hukuncin da marubucin bai shirya karewa ba. Ga yadda ake cika ta.

Fara da rarraba kalmomin

"Ya ƙaru" da "ya ragu" da "ya tashi daga kaza zuwa kaza" ba ruwansu da yabo ko zargi. Haihuwa na ƙaruwa, mutuwa ma na ƙaruwa. Ɗalibai na ƙaruwa, fursunoni ma haka. Su ne kayan aikin mai rubuta labari, kuma ba aibi ba ne ka ce "ya ƙaru" sau uku a sakin layi ɗaya in dai abu uku ne suka ƙaru.

"Bunƙasa" da "haɓaka" na abin alheri ne. Ba wanda zai ce kwalara ta bunƙasa sai in ba'a yake yi. Don haka duk ranar da ka rubuta cewa harkar haƙar ma'adinai ta bunƙasa a wani yanki, ka riga ka umarci mai karatu ya yi murna, tun kafin ya ji ko masu shan ruwan kogin da ake wanke ma'adinan a ciki su ma murnar suke yi. "Ta'azzara" da "ƙamari" da "ya zama ruwan dare" suna ɗaya gefen: abin ƙi ne kaɗai ke ƙamari. Ita kuwa "hauhawa" ta kusa zama mallakin farashi, kuma hawa bayan hawa take nufi. Idan sau ɗaya aka ƙara kuɗin abu, ƙari aka yi.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. A ce kuɗin gidaje a wani birni ya tashi da kashi 12 cikin 100 a shekara guda. Wani ya rubuta, "Kasuwar gidaje ta bunƙasa." Wani ya rubuta, "Kuɗin gidaje ya yi tashin gwauron zabi." Adadi ɗaya ne, sai dai na farko da idon mai gida ya kalle shi, na biyu da idon mai neman gida. Muddin adadin da ke gabanka zai iya ɗaukar kalmar yabo da ta kuka duka biyu, to a labari ajiye su. Ka ce ya ƙaru da kashi 12, sannan ka nemo mai gidan da mai neman gidan, kowa ya faɗi tasa da bakinsa.

Abin ya fi nauyi idan mutane ne ke ƙaruwa. A 2015 mutum sama da miliyan 1 suka shiga Turai ta teku, akasarinsu daga Siriya da Afganistan da Iraƙi. Adadi ne babba, kuma tsibiran Girka da suka fara sauka sun ji a jikinsu. Amma Tarayyar Turai a lokacin tana da mutum sama da miliyan 500, wato kusan baƙo ɗaya ga kowane mutum 500. Marubucin da ya kira wannan "ambaliya" ko "mamaya" bai ƙara maka ko adadi ɗaya ba. Maganin da yake so ya sanar da kai a fakaice, domin ambaliya tare ta ake yi, mamaya kuma korar ta ake yi. In ra'ayinsa ke nan, ya fito ya faɗa a shafin sharhi. A labari, mutane zuwa suke yi ko isowa, kuma suna da adadi.

Wa ya ƙara?

Tsakanin "ƙaru" da "ƙara" akwai mutum guda da ke ɓacewa. "Kuɗin ruwa ya ƙaru" na sa a ji kamar da kansa ya tashi. Tsakanin Maris 2022 da Yulin 2023 babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin 100, kuma kowane karo kwamiti ne ya zauna ya kaɗa ƙuri'a. Inda duk akwai wanda ya sa hannu, ambace shi. Masu rubuta wa kamfanoni sanarwa sun ƙware a nan: in aikin yi ne, "mun ƙara", in farashi ne, "ya ƙaru". Kai ka mayar da mai aikin gurbinsa.

Akasin haka ma na faruwa. "Minista ya bunƙasa tattalin arziki da kashi 4" jimla ce da ta ba mutum ɗaya ladan damina da farashin kasuwar duniya da gumin miliyoyin jama'a. Abin da ka sani shi ne tattalin arzikin ya ƙaru da kashi 4 a shekarar da yake kan kujera. In shi ya ce aikinsa ne, sai ka rubuta cewa shi ya ce.

Daga nawa, zuwa nawa, cikin wane lokaci

Duk jimlar ƙaruwa da ba ta amsa waɗannan tambayoyi uku ba, mayar da ita nake yi. Kashi cikin 100 shi kaɗai ba ya nuna girman abu, saurinsa kawai yake nunawa, kuma ƙaramin abu ya fi saurin ninkawa. Ƙasar Gayana da ke Kudancin Amurka, mai mutum kusan 800,000, ta fara haƙo mai a teku a ƙarshen 2019. A 2022 jimillar abin da ta samar, wato ma'aunin nan na GDP, ya ƙaru da sama da kashi 60 cikin 100, kuma gaskiya ne a ce ita ce mafi saurin ƙaruwa a duniya a shekarar. Amma duka tattalin arzikin nata bai wuce kimanin dala biliyan 15 ba. Na Amurka a shekarar ya kai dala tiriliyan 25, wanda kashi 2 kacal nasa ya kai dala biliyan 500, fiye da Gayana sukutum sau 30. "Mafi saurin ƙaruwa" da "mafi yawan ƙaruwa" labari biyu ne, kuma mai karatu na da haƙƙin sanin wanne kake ba shi.

A fannin lafiya wannan sakaci na cutar da mutane kai tsaye. A Oktoban 1995 kwamitin da ke sa ido kan magunguna a Birtaniya ya yi gargaɗi cewa wasu sabbin ƙwayoyin tsarin iyali na ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya. Jaridu suka ɗauki "ninki" suka kai shafin farko. Ninkin kuwa daga kimanin mace 1 cikin 7,000 ne zuwa 2 cikin 7,000. Mata da yawa suka jefar da maganin cikin firgici, aka samu ƙaruwar cikin da ba a shirya ba. Kalmar ba ƙarya ba ce. Adadin farko ne aka bari a baya.

Tunda mun zo kan ninki, a daidaita lissafin. Abin da ya ƙaru da kashi 100 cikin 100 ya zama biyun yadda yake. Wanda ya ƙaru da kashi 200 ya zama ukun yadda yake, kuma nan mutane da yawa ke tuntuɓe. "Ninki biyu" ma ba kowa ke fahimtar ta iri ɗaya ba, don haka in za ka yi amfani da ita, ɗora adadin biyu a gefenta: daga 300 zuwa 600. "Ninkin ba ninki" ka bar wa hira. Sannan farashi ko yawan jama'a ba sa raguwa da fiye da kashi 100, domin a kashi 100 abin ya ƙare ƙaf. Duk inda ka ga "ya faɗi da kashi 200", wani ne ya juya lissafinsa.

Akwai kuma bambancin maki da kashi. A ce rashin aikin yi ya tashi daga kashi 4 zuwa kashi 5 cikin 100. Ya ƙaru da maki 1. Ya kuma ƙaru da kashi 25, tunda 1 rubu'in 4 ne. Duka biyun daidai ne. Kakakin gwamnati zai zaɓi 1, ɗan adawa zai zaɓi 25. Kai rubuta "daga kashi 4 zuwa kashi 5", ka huta.

Rage gudu daban, komawa baya daban

A nan zan daɗe, domin shi ne kuskuren da ya fi sa jama'a cewa 'yan jarida maƙaryata ne. A Yunin 2022 hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin 100, mafi yawa cikin shekara 40. A Yunin 2023 ta sauko zuwa kashi 3. "Hauhawar farashi ta sauka" magana ce daidai. "Farashi ya sauka" kuwa ba haka ba ne. Ɗauki kayan da a Yunin 2021 ake sayen su 100: bayan shekara sun zama 109, bayan wata shekarar sun zama wajen 112. Ba su taɓa komawa baya ba. Mai karatun da ya ga "sauka" a kanun labari, ya je sayayya ya tarar kuɗi ya ƙaru, ba zai zauna yana tantance hauhawa da farashi ba; zai ce an yi masa ƙarya, kuma ba zan ga laifinsa ba. Ko da kalmarka daidai ce, ƙara masa jimla ɗaya: farashi na ci gaba da tashi, sai dai ba da saurin bara ba. Saukar farashi ta gaske sai adadin hauhawar ya faɗa ƙasa da sifili.

Haka yawan jama'ar duniya. A shekarun 1960 yana ƙaruwa da kimanin kashi 2 cikin 100 a shekara, yanzu ƙasa da kashi 1. Saurin ya ragu da fiye da rabi, amma mutanen sun tashi daga biliyan 3 a 1960 zuwa biliyan 8, adadin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an cika ranar 15 ga Nuwamba 2022. In kana neman inda "raguwa" ta dace, dubi Sin, wadda jama'arta suka ragu da kimanin 850,000 a 2022, karo na farko tun 1961, ko Japan da ta fi shekara 10 tana raguwa. A can adadin bana ya gaza na bara. Wannan kaɗai ne sharaɗin "ya ragu".

Tattalin arzikin Sin ya ƙaru da kashi 14 a 2007, ya ƙaru da kimanin kashi 6 a 2019. An sha rubuta wannan da kalmomi irin su "durƙushewa" da "tangal-tangal". Yaro ɗan shekara 15 ba ya ƙara tsawo da saurin jariri, amma ba wanda zai ce ya gajarce. A 2019 tattalin arzikin na Sin ya fi biyun na 2007 ko bayan an cire tasirin farashi. Dabarar da nake koya wa kowa don auna irin waɗannan kalmomi ita ce raba 70 da adadin ƙaruwar shekara, abin da ya fito shi ne kimanin shekarun da abu zai ɗauka ya ninka. Kashi 7 na ninkawa cikin shekara 10, kashi 2 cikin shekara 35, kashi 6 cikin kusan 12. Abin da zai ninka cikin shekara 12 bai durƙushe ba, kuma ba tafiyar hawainiya yake yi ba. Ya rage gudu, iyakarta ke nan.

"Farfaɗowa" ma tana da tarkonta. Abin da ya faɗi da kashi 50 sannan ya tashi da kashi 50 bai koma inda yake ba: 100 ta zama 50, 50 ta zama 75. A 2020 alƙaluman farko sun ce tattalin arzikin Amurka ya faɗi da kashi 32.9 a watanni uku na biyu na shekarar, sannan ya tashi da kashi 33.1 a watanni uku na uku. Mai kallo da sauri zai ce an yi canjaras. Ba a yi ba, saboda tashin daga ƙaramin adadi aka lissafa shi, kuma ƙasar ba ta koma matsayinta na kafin annobar korona ba sai a 2021. Ga wani abu kuma: al'adar Amurka ce ta ɗauki canjin wata uku ta lissafa shi kamar zai ɗore shekara guda a haka. Ainihin faɗuwar cikin watannin uku kimanin kashi 9.5 ce, tashin kuma kimanin 7.4. Birtaniya da yawancin ƙasashen Turai canjin wata ukun suke bayarwa yadda yake. Wanda ya jera 33 ta Amurka kusa da adadin wata ƙasar Turai ba tare da ya duba wannan ba, ya gwama ma'auni biyu da ba su haɗu ba. Kafin ka ce abu ya farfaɗo, nemi adadinsa na kafin faɗuwar. In bai kai ba, "ya fara farfaɗowa" ko "ya maido da wani ɓangare na abin da ya rasa" ita ce maganar.

Ƙaruwar da a takarda kawai take

Wani lokaci adadi na tashi alhali abin da ake aunawa yana nan yadda yake. Hanya ta farko ita ce kuɗi ya rage daraja. A 2023 farashi a Ajantina ya tashi da kashi 211 cikin 100, wato ya haura ukun yadda yake. Ma'aikacin da aka ninka masa albashi a shekarar ya yi asarar sama da kashi ɗaya cikin uku na abin da albashinsa ke iya saye. Duk adadin kuɗi da za ka kwatanta tsakanin shekara biyu, albashi ne ko kasafi ko ciniki, tambayi ko an cire hauhawar farashi. In ba a cire ba, faɗa. Daga nan ne ma "kasafi mafi girma a tarihi" ke samun wurin zama: inda farashi da jama'a ke ƙaruwa, kusan kowane kasafi ya fi na bara a lamba, don haka wannan ba labari ba ne sai an nuna ya fi shi a ƙarfin saye ko a rabon kowane mutum.

Ta biyu, a sauya ma'auni. A Afrilun 2014 hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta sauya shekarar da take kafa awo a kanta daga 1990 zuwa 2010, ta shigar da sassa irin su wayar salula da shirya finafinai yadda ya kamata. Adadin GDP na 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa 510, ƙasar ta wuce Afirka ta Kudu. Gana ta yi irin wannan a 2010, nata ya tashi da kimanin kashi 60. Ba masana'anta ko ɗaya da aka gina a daren sanarwar. Jimlar da ta dace ita ce an sake awo, an gano tattalin arzikin ya fi yadda ake zato girma. Na ƙasar Ayilan ya fi ban mamaki: a 2016 aka sanar cewa GDP ɗinta ya ƙaru da kashi 26 a 2015, galibi saboda manyan kamfanonin ƙetare sun mayar da rajistar kadarorinsu can. Abin ya kai hukumar ƙididdigar ƙasar ta fito da wani ma'auni na daban a 2017 don ta riƙa ganin ainihin halin da jama'arta ke ciki.

Ta uku, a ƙara bincike. A Koriya ta Kudu, yawan waɗanda aka gano suna da sankarar tayirod, halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, ya ninka sau 15 tsakanin 1993 da 2011. Yawan masu mutuwa da cutar kuwa bai sauya ba. Abin da ya ƙaru shi ne ɗaukar hoton wuya da na'ura, wadda ke gano ƙananan ƙulluttukan da da yawansu ba za su taɓa cutar da mai su ba. Saboda haka rubuta "waɗanda aka gano sun ƙaru", kada ka ce "cutar ta yi ƙamari", sai in kana da shaidar hakan. Haka ƙararrakin da ake kai wa 'yan sanda: suna iya ƙaruwa don laifi ya ƙaru, suna iya ƙaruwa don mutane sun fara yarda su kai ƙara, kuma na biyun labari ne mai daɗi.

Hasashe kuwa ba na buƙatar dogon bayani a kansa. A Janairun 2020 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya yi hasashen tattalin arzikin duniya zai ƙaru da kashi 3.3 a shekarar. A Afrilu ya ce zai ragu da kashi 3. "Zai ƙaru" ba ta tsayawa ita kaɗai, sai da "in ji wane" da ranar da ya faɗa.

In sharhi kake rubutawa

Mai sharhi na da 'yancin da mai labari ba shi da shi. Kana iya cewa bunƙasa, kana iya cewa ƙamari, kana ma iya cewa ci gaban mai haƙar rijiya ne. Don hukunci ake karanta ka. Sharaɗin shi ne adadi ya riga kalmar zuwa, mai karatu ya ga abin da ka gani sannan ya ji sunan da ka sa masa, ta yadda zai iya ƙin yarda da kai. Sharhin da ya ce "ya ta'azzara" sau biyar ba tare da lamba ko ɗaya ba, hayaniya ce.

Kalmar da ta fi buƙatar a tsaya mata ita ce "ci gaba". Ƙaruwa ƙirgawa ake yi. Ci gaba kuwa sai an amsa tambayar wa ya amfana. Simon Kuznets, masanin da ya tsara wa Amurka lissafin kuɗin shigar ƙasa, tun a rahotonsa na 1934 ga majalisar dokoki ya yi gargaɗin cewa da wuya a gane jin daɗin al'umma daga wannan adadi. A 1990 Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da ma'aunin ci gaban ɗan Adam, aikin Mahbub ul Haq na Pakistan tare da Amartya Sen na Indiya, wanda ke haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga. Ikwatoriyal Gini ta samu mai a shekarun 1990, kuɗin shigarta in an raba bisa kowane mutum ya shiga sahun gaba a Afirka, amma matsayinta a wancan ma'auni ya yi ƙasa ƙwarai da abin da kuɗin ke nunawa. In za ka kira wannan ci gaba, sai ka kawo hujja. In za ka ƙi kiran sa haka, shi ma sai ka kawo. Ni dai ina ganin mai sharhin da ya rubuta "ci gaba" bai faɗi na wa ba, bai gama aikinsa ba.

Lissafi ɗaya da kowane mai sharhi ya kamata ya yi kafin ya yaba ko ya kushe shi ne rabon kowane mutum. A Afirka kudu da Sahara jama'a na ƙaruwa da kimanin kashi 2.5 cikin 100 a shekara. Ƙasar da jama'arta ke ƙaruwa haka, in tattalin arzikinta ya ƙaru da kashi 2, rabon kowa ya ragu, ko da sanarwar ta ce an samu haɓaka. Kashi 2 ɗin nan a ƙasar da jama'arta ba sa ƙaruwa riba ce tsantsa.

Sai shekarar farawa, wadda ita ce makamin mai son zuciya. Shekarar 1998 ta yi zafi fiye da kima saboda yanayin El Nino mai ƙarfi, wato ɗumamar ruwan tekun Fasifik da kan sauya yanayin duniya, shi ya sa masu sharhin da ke son nuna cewa ɗumamar duniya ta tsaya suka daɗe suna fara lissafinsu daga ita. Fara daga ƙololuwa, komai sai ya zama kamar ya tsaya. Fara daga rami, komai sai ya zama bunƙasa. In ka zaɓi shekara, gaya wa mai karatu dalilin zaɓen, sannan gwada matsar da ita baya da shekara biyu ko uku a kan teburinka. In hujjarka ta rushe da wannan 'yar matsawar, ba ka da hujja tukuna.

Gwada shi a kan sanarwa guda

A ce sanarwa ta zo maka daga wani kamfani: "Mun samu gagarumar bunƙasa, cinikinmu ya haɓaka da kashi 40 cikin 100." Cire "gagaruma" da "bunƙasa" da "haɓaka" ka ajiye gefe, nasu ne, in za su shiga labarin, cikin alamar zance za su shiga da sunan mai su. Kira su ka tambayi adadin bana da na bara. A ce sun ce miliyan 70 da miliyan 50. Lissafin ya yi daidai, kashi 40 ne. Tambayi na shekarar da ta gabaci bara. A ce miliyan 90 ne. Yanzu ka san daga rami aka fara ƙirgen. Duba hauhawar farashi ta shekarar. A ce kashi 25 ce. Raba 140 (100 da ƙarin 40) da 125 (100 da ƙarin 25), ka samu 1.12, wato ainihin ƙaruwar kimanin kashi 12 ce. Tambaya ta ƙarshe: ciniki ne ko riba, kuma sun sayi wani kamfani ne suka haɗa cinikinsa da nasu?

Labarin sai ya fito haka: "Cinikin kamfanin ya tashi daga miliyan 50 bara zuwa miliyan 70 bana, ƙarin kashi 40 cikin 100, ko kimanin kashi 12 in an cire hauhawar farashi. Har yanzu bai kai miliyan 90 da ya yi shekara biyu da suka wuce ba."

Kanun labari ba zai ɗauki duk wannan ba, kuma mutane da yawa a intanet kanun kaɗai suke karantawa su tura wa wasu. Don haka zaɓi abin da zai tsaya daidai ko an karanta shi shi kaɗai. "Kamfani kaza ya bunƙasa" ba zai tsaya ba, "Kamfani kaza na cikin mawuyacin hali" ma ba zai tsaya ba. Wanda zan bari ya wuce shi ne, "Cinikin kamfani kaza ya tashi zuwa miliyan 70, bai kai na shekara biyu baya ba."